Tatsuniya da sana'ar hannu: Hajar da ba a tayawa kwantai take yi

'Yan uwa 'yan kasuwa, Alhazai da Hajiyoyi, manya da ƙanana, na Garwa da Pitowa da Gashiga da Gider, da na tsallaken iyaka a Yola da Mubi. Mun san abin da ke hana ku barci a kwanakin nan shi ne canjin sefa da naira da yawan shingayen hanya, to amma yau muna roƙon ku ba mu aron kunnuwanku a kan wata haja dabam, wadda kakanninmu suka shigo da ita ƙasar nan, kuma take neman yin kwantai a wannan zamani. Wannan haja kuwa ita ce tatsuniya da labaran baka da sana'o'in hannu na gargajiya.

Ra'ayinmu, mu da muke aiki a rediyon al'umma, muna zagaya unguwanni da ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, shi ne waɗannan abubuwa ba za su rayu don kawai an adana su a littafi ko a gidan tarihi ba. Tatsuniya tana rayuwa ne idan tana da masu sauraro, sana'a kuma idan tana da masu saye. Babu kuwa wanda ya fi ɗan kasuwa sanin cewa duk kyan haja, idan ba a taya ta ba, mai ita zai daina sarowa. Saboda haka ne muke ganin wannan nauyi ya fi rataya a wuyan 'yan kasuwa fiye da kowa.

Idan muka waiwaya baya kaɗan, za mu ga cewa Bahaushe bai zo ƙasar Adamawa hannu rabbana ba. Tun bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Zazzau da Borno suka yi ta kwararowa kudu, suna tsallake kogin Binuwai zuwa Ngaundere da Tibati da Banyo. Sun kawo riguna da rawuna da baƙin turkuɗi da takalma da kayan doki da kanwa, suna komawa da hauren giwa da goro, har ma da bayi, abin da ba na alfahari ba ne, amma tarihi ba ya ɓoyuwa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano suka mamaye kasuwannin Adamawa a wancan lokaci. A bayan fatake ne dukawa da marina da maƙera da mahauta da wanzamai da makaɗa da malamai suka biyo, tare da matansu da 'ya'yansu, aka kafa zango ya zama unguwa. Unguwar Hausare a nan Garwa da unguwar Briqueterie a Yawunde duk shaida ce ta wannan tafiya.

Daga baya Turawa suka zo suka ja layi. Jamusawa suka ci Garwa da yaƙi a 1901, Ingilishi da Faransawa suka ƙwace ta a 1915, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta mayar da Mubi da maƙwabtanta cikin Najeriya. Wa ya samu kansa a wannan ƙasa, ƙane a waccan. Amma iyakar ba ta hana kaka ta Yola da kaka ta Garwa buɗe tatsuniya da "ga ta nan, ga ta nanku" ba, yara kuma su amsa da "ta zo mu ji ta". Gizo da Ƙoƙi ba su taɓa neman takardar izinin shiga ƙasa ba.

To, mai karatu, bari mu kawo misali daga cikin garin nan. A Garwa an yi wata dattijuwa Bafulatana da ake kira Goggo Addi, wadda Allah Ya hore wa baiwar tatsuniya. A shekarun 1980 wata malamar jami'a daga Faris mai suna Ursula Baumgardt ta yi ta zuwa wurinta tana naɗar muryarta, har ta tara tatsuniyoyi 70 daga bakin mace ɗaya. A shekarar 2000 kamfanin buga littattafai na Karthala da ke Faris ya fitar da su a babban littafi, da Fulatanci da fassarar Faransanci, kuma da sunan Goggo Addi da na Garwa a bangonsa. Ita kuwa baiwar Allah ta rasu a 1999, ba ta ga fitowarsa ba. Haka kuma a yankin Marwa an yi wani gwanin ba da labari mai suna Baba Zandu, wanda wani Bafaranshe, Dominique Noye, da wani ɗan Japan, Paul Eguchi, suka ɗauki labaransa, aka buga su a Faris da Tokiyo. Kada mu manta da marigayi Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana bin fadojin lamiɓe yana ɗaukar tarihi daga bakin dattawa, har ya fitar da tarihin Garwa tare da Modibbo Bassoro a 1980, kafin rasuwarsa a Maiduguri a 2004.

A ɓangaren Hausa ma haka abin yake. Littafin tatsuniyoyi na Frank Edgar mai juzu'i 3 ya fito ne tsakanin 1911 da 1913, kuma malamai ne suka rubuta mafi yawansa da ajami. A 1913 ɗin ne R. S. Rattray ya buga tatsuniyoyi da labaran da Malam Shaihu ya rubuta a ƙasar da ake kira Gana a yau, wato tatsuniyoyin Hausawan zango irinmu. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da jerin littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970 domin 'yan makaranta.

Waɗannan mutane sun yi aikin da ya cancanci yabo da godiya, domin ba don su ba da muryoyi da yawa sun bi masu su kushewa. To amma abin tambaya a nan shi ne, a cikin yaran da ke tallar gyaɗa da ƙwai a tashar motar Garwa, mutum nawa ne suka taɓa jin ko da tatsuniya ɗaya daga cikin 70 ɗin nan na Goggo Addi? A cikinmu manya ma, mutum nawa ne suka san an yi ta? Littafin yana ɗakunan karatu na jami'o'i, da harshen da uwa mai daka a tsakar gida ba ta karantawa, kuma da kuɗin da ya fi ƙarfin talaka. An adana hajar a sito, an kulle, amma ba a kai ta rumfa ba. Littafi kuwa ba ya canza murya ya yi tsamin bakin Gizo, ba ya rera waƙar da ke tsakiyar labari yara su amsa, ba ya duban idon yaro ya gane cewa tsoro ya kama shi a sassauta.

Wani zai ce, to mene ne a cikin tatsuniya har da za a ɓata shafin jarida a kanta? Amsa ita ce, tatsuniya makaranta ce ta farko. A cikinta ne yaro ke tsintar kalmomin da ba ya ji a kasuwa, ya koyi jera magana daga farko zuwa ƙarshe, ya koyi sauraro har mai magana ya dire. A cikinta yake ganin ƙarshen kwaɗayin kura, da yadda wayon Gizo kan kai shi ya baro, da sakamakon yarinyar da ta raina tsohuwa a bakin rafi da na wadda ta cuɗa mata baya. Amana da haƙuri da gudun zalama, waɗanda su ne jarin duk wanda zai ɗauki kayan wani bashi ya tsallaka iyaka da su, a nan ake fara shuka su. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga mu Hausawan Kamaru abin ya fi haka nauyi. A Kano ko Maraɗi, ko an daina tatsuniya harshen yana nan a titi da kasuwa da makaranta. Amma a nan Garwa yaro yana fita ƙofar gida Fulatanci zai ji, yana shiga aji Faransanci zai ji, kuma duka biyun alheri ne gare shi, ba mu ƙi ya ƙware a cikinsu ba. Sai dai Hausa ba ta da wani wurin zama da ya wuce tsakar gida da rumfar kasuwa. Idan tsakar gida ta yi shiru, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, abin da zai rage wa yaro shi ne Hausar "nawa ne" da "albarka". Duk wanda ke zagaya gidajenmu ya san akwai jikokin da kaka za ta yi musu magana da Hausa su mayar mata da wani harshe. Kuma ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin cewa da wannan harshe ake saro kaya a Kantin Kwari da Kurmi a Kano, da shi ake samun masauki da amana daga Kuseri har Duwala. Wanda ya bar ɗansa ya rasa shi ya rage masa jari.

Mu koma kan sana'ar hannu. Duk wanda ya san Marwa ya san majemanta da dukawanta da cibiyar masu sana'ar hannu da ke bakin babbar kasuwa, inda ake baje jakunkuna da takalma da titimai da kube da tabarmin fata. Shekara da shekaru babban mai sayen waɗannan kaya shi ne Bature ɗan yawon buɗe ido da ke kan hanyarsa ta zuwa gandun dajin Waza ko duwatsun Rumsiki. A watan Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace Faransawa 7 'yan gida ɗaya a kusa da Waza, daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke. Daga 2014 rikici ya tarwatsa kasuwannin Banki da Amcide da Fotokol da Gamboru na tsawon shekaru. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu, ga kuma annobar korona a tsakani. Mai sana'ar da ya dogara da baƙo sai ya wayi gari babu baƙo, na gida kuma ya riga ya saba da takalmin roba. Darasin a fili yake: sana'ar da 'yan gida ba sa saye, ranar da baƙo ya daina zuwa ta mutu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Matsalar ba ta tsaya ga rashin mai saye ba, har da kayan aiki. Fatar da majemi zai jiƙa da toka ya jeme da bagaruwa, baduku ya rina da karan dafi, yanzu masu ganda da masu fitar da ita waje ɗanya suna rige shi saye. Audugar da manomanmu ke nomawa, wadda kamfanin Sodecoton mai hedikwata a nan Garwa yake saye tun kafa shi a 1974, mafi yawanta ƙetare ake kai ta, ta dawo mana a matsayin atamfa da yadi da gwanjo. Tsofaffin da suka iya gurza da shiɓa da kaɗi da mazari suna ƙarewa, masaƙin da ke jefa ƙoshiya a gindin bishiya ya zama abin kallo, karofi da yawa sun zama juji. Alhali kuwa a wannan yanki an yi zamanin da ƙyallen saƙar hannu, wanda Fulani ke kira leppi, shi ne kuɗin da ake ciniki da shi. Aikin babbar riga na allura, irin su aska biyu da aska takwas, wanda kan ɗauki watanni, yanzu inji yana kwaikwayonsa cikin sa'o'i. Yaro kuma da ya ga ubansa ya shekara arba'in a kan sana'a bai gina ɗaki ba, sai ya ɗauki babur ya shiga acaɓa, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Akwai wani abin lura a tarihin fata. Shekaru aru-aru fatar jar akuya ta Sakkwato da Kano tana tsallake Sahara zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Aikin na dukawanmu da majemanmu ne, sunan kuma na wanda ya kai kasuwa. Wannan ya isa ya nuna mana cewa wanda ya riƙe hanyar kasuwa shi ke riƙe da sunan haja da darajarta.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma ya kamata a saurare su. Na farko shi ne ɗan kasuwar da zai ce shi riba ya fito nema, mai saye kuma araha yake so, ba zai ajiye takalmin baduku na sefa 8,000 ba alhali na roba na 1,500 yana tafiya kamar ruwa. Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce a daina sayar da na roba, talaka ma yana da haƙƙin sa takalmi. Amma kasuwa hawa-hawa ce. Mutumin da ke sayen shadda mai tsada ranar Sallah, da wanda ke haɗa lefe na miliyoyi, da wanda ke neman tsarabar da zai kai wa abokin cinikinsa a Duwala ko Injamena, duk ba araha suke nema ba, abin da zai fitar da su kunya suke nema. Wannan kasuwa tana nan, kayan waje ne suka cike ta, domin su ne ake kawowa rumfa a goge a jera. Kayanmu kuwa sai mai saye ya bi lungu ya nemi mai yi.

Na biyu su ne masu cewa tatsuniya ƙarya ce da shagala. Hukunci dai na malamai ne, ba na ɗan jarida ba. Abin da za mu iya cewa shi ne ita tatsuniya ba ta taɓa yaudarar kowa ba, domin mai yin ta da bakinta take rufewa da "ƙurunƙus kan ɗan ɓera", ta kuma faɗa wa yara cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Yaro ya san kura ba ta magana, darasin yake ɗauka. Kuma isar da tarbiyya ta hanyar baka da waƙa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata da ka. Idan a cikin tsofaffin labarai akwai na batsa ko na camfin da bai dace ba, ai ko hatsi sai an sheƙe ake dakawa. Sannan mu tambayi kanmu, yaron da aka hana shi tatsuniyar kakarsa, me yake kallo a waya da tsakar dare?

Na uku su ne masu cewa wannan aikin gwamnati ne. Lalle gwamnati tana da nata kaso. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin karewa da bunƙasa harsunan ƙasa, kuma a 2012 Kamaru ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ake gada ta baka da aiki. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya aka sa bikin Nguon na Bamun a Fumban cikin jerin kayan gadon duniya a 2023, aka sa Ngondo na mutanen Sawa a Duwala a 2024, a shekarar da hawan Sallah na Kano ma ya shiga. Amma mu lura, UNESCO ba ta ƙirƙiro ko ɗaya daga cikinsu ba, ta tarar da masu abin suna yi ne, suna kashe kuɗinsu, attajiransu suna tsaye a kai. Hawan Sallah da ake yi a fadar Lamiɗon Garwa da na Demsa da na Rai Buba bai gaza na kowa kyau ba, kuma kowane doki da ka gani a filin yana ɗauke da aikin baduku da maƙeri da maɗinki, ga mai algaita da mai kakaki a gefe. Ranar da babu mai ɗinka jalala da mai ƙera likkafa a garin nan, hawan ma sai an yi odarsa daga waje. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu su ne masu cewa zamani ya wuce wurin, waya da talabijin sun ci kasuwar. Mu a ganinmu waya ba abokiyar gaba ba ce, jaki ce, abin da ka ɗora mata shi take kaiwa. A kowace kasuwar iyaka akwai samarin da sana'arsu ita ce tura waƙoƙi da finafinan Hausa da wa'azi a katin waya, direbobin manyan motoci kuma suna saye su saurara a hanyar Ngaundere. Da akwai muryar tsofaffinmu a cikin kwamfutocin samarin nan, da ita ma ta bi wannan hanya.

To, mene ne abin yi? Ga shawarwarinmu, kuma babu wadda ta fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa guda ɗaya.

Da farko, kowace ƙungiya ta buɗe ɗan asusu na wannan aiki. Idan mutum 200 suka riƙa zuba sefa 500 a wata, an samu sefa 100,000, a shekara miliyan ɗaya da dubu 200. Wannan bai kai abin da ake liƙa wa maroƙa a biki ɗaya na wani attajiri ba. A damƙa shi ga amintattu uku, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a kamar yadda ake yi wa adashi.

Na biyu, a yi amfani da kuɗin a naɗi muryar dattawa tun suna raye, mata da maza, tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da waƙoƙin daka da na niƙa da na reno, da tarihin zuwan kowane gida da hanyoyin fatauci na da. A nemi izininsu, a faɗi sunansu a farkon kowane naɗi, kuma a biya su, domin ilimi ne suka bayar, ba bara suka yi ba. Duk wayar zamani tana iya wannan aiki. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ɗaya a gidan mai muryar, ɗaya a gidan rediyo, ɗaya a fada ko makaranta, saboda gobara da ɓeraye da ɓatan waya.

Na uku, a mayar da abin kunnen jama'a. Tun da dokar watan Afrilun 2000 ta buɗe ƙofar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu a Kamaru, tashoshi sun yawaita, amma kowa ya san ƙaramar tasha da kuɗin talla da na gaisuwa take sayen mai. Ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin tallar shinkafa ko sabulu zai iya ɗaukar nauyin rabin sa'a na tatsuniya a mako bayan sallar isha'i, a ambaci shagonsa a farko da ƙarshe. Ya yi talla, ya kuma yi abin da za a daɗe ana sa masa albarka. Makarantun Islamiyya da na boko da muke ginawa su ma su ware sa'a ɗaya a mako a gayyato wata kaka ko wani tsohon baduku ya zauna da yara, a kuma sa gasa da 'yar kyauta a ƙarshen zango.

Na huɗu, a ba masu sana'a aiki, ba sadaka ba. Dillali ko mai shago ya zauna da baduku ya faɗa masa abin da masu saye ke so, jakar 'yan makaranta, gidan waya, ɗamara, takalmin da ɗinkinsa ba ya warwarewa, ya ba shi kafin alƙalami, su yi alkawarin lokaci da inganci. Masu sana'a su ma sai sun gyara, domin saɓa alkawari da fata mai wari sun kori masu saye da yawa. Kowane lefe a sa masa ko da abu ɗaya na saƙar hannu ko aikin fata na gida. Wanda Allah Ya hore wa kuma ya ɗauki nauyin abincin yaro ɗaya da zai zauna gaban gwani shekara biyu ko uku, tunda yunwa ce ke korar almajirin sana'a tun kafin ya iya riƙe basilla.

Na biyar, shugabannin al'umma da sarakunan Hausawa su haɗa kai da malaman jami'o'inmu, ta Ngaundere da aka kafa a 1993, da ta Marwa ta 2008, da ta Garwa ta 2022, a rubuta wa cibiyoyin bincike na ƙetare cikin mutunci a nemi kwafin muryoyin da aka naɗa a ƙasar nan, domin jikokin masu muryar su ji. Ba faɗa ba ne, ba kuma zargi ba, neman rabon gado ne.

Sannan kada mu yi wannan aiki mu kaɗai. Goggo Addi da Fulatanci ta yi tatsuniyoyinta, amma duk ɗan Garwa yana da kaso a cikinsu. Maƙwabtanmu Fali da Gidar da Mundang da Tupuri da Bata da Barebari kowa yana da nasa labaran da nasa aikin hannu, kuma irin ciwon da ke damunmu shi ke damunsu. Ranar Lahadi a kasuwar Pitowa duk a inuwa ɗaya ake zama. Filin rediyon da ya ba kowane harshe mako ɗaya zai fi samun masu sauraro, zai kuma ƙara danƙon zumunci a lokacin da masu son raba kan jama'a suka yi yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, 'yan uwa, lokaci ba ya jiran mai shawara. Duk damina da duk hunturu sai mun raka wani dattijo ko wata dattijuwa makwanci, kowannensu kuma yana tafiya da abin da babu mai sake sarowa a wata kasuwa. Wanda ke da tsohuwa a gida, ya zauna kusa da ita a daren yau ya tara mata jikoki, ya kunna wayarsa. Wanda zai yi sayayyar Sallah ko ta aure, ya fara biyawa ta rumfar baduku da ta masaƙi. Shugabannin kasuwa kuma muna jiran mu ji wace ƙungiya ce za ta fara buɗe asusu, ƙofar rediyon al'umma a buɗe take ga duk wanda ya shirya. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya a iyakokinmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu da zuriyarmu, amin.